Yadda Za Ka Yi Jinyar Kewar Ingila Idan Zama Ya Kai Ka Wata Ƙasa

Shekara 15 na yi a Sheffield, daga 2006 har zuwa watan Agustan 2021, lokacin da aiki ya kwashe mu, ni da uwargida da yara uku, ya sauke mu a birnin Hamburg na ƙasar Jamus. Kafin mu taso na yi lissafin komai: hayar gida, makarantar yara, inshorar lafiya, har kuɗin motar da za ta ɗauki kaya. Abin da bai shiga lissafina ba shi ne safiyarmu ta farko a sabon gida. Na tafasa ruwa, na jefa ganyen shayin da na sayo a kantin bakin layi, na tsaya jira. Ruwan ya ɗan yi ja, ya tsaya nan. Da na zuba madara sai ya koma fari fat. Uwargida ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofin a kan wani kwalin da ba mu kai ga kwancewa ba, ta mai da fuskarta wajen taga. Na san ba shayin kaɗai ya sa idonta ya ciko ba. Sabo ake yi wa kuka.

Tun daga ranar nake koyon zama da wannan kewa, kuma abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan, domin wanda ya yi zaman Birtaniya har ta shiga jininsa, sannan rabo ya kira shi wani wuri. Misalaina na Jamus ne saboda nan nake, amma mai zama a Faransa ko Holan ko Sifen zai tsinci nasa a ciki.

Abu na farko, ka samu ɗan littafi ka ajiye a kicin. Duk lokacin da wani abu ya sosa maka rai a watanka na farko, ka rubuta shi da sunansa, kada ka bar shi a dunƙule a matsayin "ina kewar Ingila". Namu littafin ya cika shafi uku, kowa da rubutunsa, har autanmu da bai iya rubutu sosai ba ya zana gwangwanin wake. Da muka zauna muka karanta, sai muka ga wasu abubuwan akwati zai ɗauko su, wasu hannu zai iya yin su a gida, wasu kuma sai an nemi mutane. Da zarar ka rarrabe su haka, nauyin ya ragu da rabi, domin ka san ta inda za ka kama kowanne.

Ka fara gyara shayinka

Na ɗauki wata biyu kafin na gano sirrin wancan shayin mai kama da ruwan wanke kofi. Ashe awo ne. Kwalin Yorkshire Tea mai ƙunshi 80 nauyinsa giram 250 ne, wato kowane ƙunshi ya ɗan haura giram 3. Wanda ake sayarwa a yawancin kantunan Jamus bai kai giram 2 ba, kuma an haɗa shi ne domin mai sha ba madara. Shayin Ingila kuwa an yi shi da ganyen Assam na Indiya da na gabashin Afirka irin su Kenya, masu kauri, don ya iya ɗaukar madara bai mutu ba. Saboda haka idan ka rasa na can, ka jefa ƙunshi biyu a kofi ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya tsallakar da kai makon farko.

Amma akwai abin da ya fi haka, kuma wani dattijo abokin aikina ne ya nuna mini. A arewa maso yammacin Jamus akwai yankin da ake kira Ostfriesland, mutanensa sun fi Turawan Ingila shan shayi nesa ba kusa ba, domin mutum ɗaya kan sha kimanin lita 300 a shekara. Haɗinsu, Ostfriesentee, galibinsa ganyen Assam ne, baƙi ƙirin, yana nan a kusan kowane babban kanti a arewacin ƙasar. Su da dunƙulen sukari da kirim suke sha. Ni da madara nake sha, kuma wallahi ya kusa. Idan kana wata ƙasar, ka nemi kantin Indiyawa ko 'yan Pakistan, da wuya ka rasa ganyen Assam na awo ko PG Tips. A Hamburg titin Steindamm, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, shi ne inda muke zuwa, mu sayo shayi da naman halal a tafiya ɗaya.

Sai ruwa. Ruwan famfon Sheffield daga madatsun tsaunukan Peak District yake gangarowa, mai laushi ne, shi ya sa shayin can yake fita garau. Wanda ya zauna Landan ya san ɗaya gefen, ruwa mai alli wanda ke barin farin ɓawo a cikin buta da wani maiƙo-maiƙo a saman kofi. Ka leƙa cikin butarka bayan mako biyu a sabon gari. Idan ka ga ɓawon, ka sayi jug mai tace ruwa, ko ka sa a kawo maka nau'in Yorkshire Tea da aka haɗa musamman domin irin wannan ruwa. Madara kuma ka kula. A Ingila ka saba da launin murfi: shuɗi mai cikakken mai, kore mai rabi, ja maras mai. A nan babu wannan, kuma akwai madarar kwali mai daɗewa da ba ta cikin firji, wadda ke ba shayi ɗanɗanon dahuwa. Ka je firji ka ɗauko sabuwa. Ka zuba sabon ruwa a buta kowane lokaci, ka ɗauraye kofin da ruwan zafi, ka bar ganyen ya yi minti 4 ko 5 ba tare da ka matse shi da cokali ba, sannan madara.

Ita kanta butar lantarki ta Ingila, mai ƙarfin wat 3,000, ta fi yawancin na nan saurin tafasa, kuma ƙarfin wutar ƙasashen biyu ɗaya ne, bolt 230. Idan ka taho da taka za ta yi aiki, amma ka ba mai gyaran lantarki ya canza mata fulogi. Kada ka jona ta da ƙaramar adaftar matafiya, tana iya narkewa.

Na daɗe a kan shayi ne saboda shi ke tsara yinin mutumin da ya zauna Ingila. A wurin aikina na da, duk wanda ya tashi zai haɗa wa kansa, sai ya tambayi kowa a ofishin, kuma ya san mai sukari biyu da wanda ba ya so. An yi rasuwa, a ɗora buta. An samu ƙaruwa, a ɗora buta. Mai gyaran famfo ya shigo gidanka, kafin ya buɗe jakarsa ka tambaye shi yadda yake shan nasa. A sabon ofishina na tarar kowa da kofinsa na gahawa, kowa ta kansa. Wata rana da ƙarfe huɗu na yamma na tashi na zagaya tebur-tebur ina tambaya. Mutum ɗaya ya amsa. Yanzu mu biyar ne, kuma ni ba na sayen biskit kuma, su ke kawowa.

Akwati da dokar kwastam

A dawowata ta farko daga ziyara na yi asarar cuku na Cheddar kusan kilo biyu a filin jirgi, kuma jami'in da ya karɓe yana kan gaskiyarsa. Tun 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, matafiyi ba shi da izinin shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su, irin cuku da man shanu, daga Ingila ko Sikotlan ko Wales zuwa ƙasashen Tarayyar. An yi sassauci ga madarar jarirai da abincin da likita ya ɗora mutum a kai, har kilo 2. A watan Afrilun 2025 ita ma Birtaniya ta hana matafiya shiga da nama da kayan madara daga Tarayyar, saboda cutar dabbobi, don haka ka duba halin da ake ciki kafin ka ɗauki tsaraba zuwa can. Sannan kayan da ka shigo da su ta jirgin sama idan darajarsu ta haura Yuro 430, akwai kuɗin fito.

To me za ka zuba a kilo 23 ɗinka na akwatin jirgi? Ka auna kowane abu da tambaya biyu: ana samunsa a nan, kuma kwana nawa zai yi mini? Waken gwangwani na Heinz nauyi ne kawai, ana samunsa a manyan kantuna ko da tsada, ka bar shi. Shayi shi ne kan gaba: kwali mai ƙunshi 240 giram 750 ne, a gidanmu yana yin kwana 40. Sai Marmite, wanda ake yi a Burton upon Trent tun 1902, kwalba ɗaya tana kai mu wata uku saboda lakata kaɗan ake yi a kan burodi. Sai garin kwastad na Bird's, da garin romo na Bisto, da ruwan khal (wato binega) na sha'ir domin kifi, da busasshen koren waken da ake dafawa ya faffashe. Ni kuma ba na dawowa ba tare da Henderson's Relish ba, baƙin ruwan yaji na Sheffield wanda ba ya ɗauke da kifi ko nama. Mutumin Sheffield na iya yafe maka komai ban da ka ce ai daidai yake da ruwan yajin Worcestershire. Ka naɗe kwalaben da tawul, ka sa a leda biyu, ka cusa tsakiyar kaya.

Cakulan Cadbury da biskit ɗin Digestive na yara ne, suna wucewa kwastam lafiya, amma ka ɓoye rabi. Akwatin farko da na kawo, kwana shida ya yi.

Kada ka manta magani. A Ingila kana iya ɗaukar farasitamol a kowane babban kanti a ƙasa da Fam 1, kwali biyu iyaka a saye ɗaya. A Jamus sai kantin magani, kuma ya fi tsada. Wannan zai fi damunka ranar Lahadi, domin a Ingila dokar 1994 ta ba manyan kantuna damar buɗewa na awa 6 a ranar, a nan kuwa kusan ko'ina rufe yake ban da gidajen burodi da gidajen mai da kantunan tashar jirgi. Cefanen mako ka gama shi ranar Asabar.

Juma'a da Lahadi

Yara sun fi manya kewar abincin da ke da rana tasa. A Sheffield duk Juma'a da yamma babbar 'yata ce ke raka ni shagon kifi da dankali na unguwarmu, mu bi layi a cikin tururi da ƙamshin mai, matar da ke naɗewa ta tambaya ko a sa gishiri da khal, mu dawo da ƙunshin takarda mai zafi yarinyar ta rungume shi a ƙirji saboda sanyi. A shafin farko na littafinmu abin da ta rubuta ke nan.

Ga yadda nake yi yanzu. A Yorkshire kifin haddock aka fi so, a kudu kuma cod. Jamusawa na kiran na farko Schellfisch, na biyu Kabeljau. Dankali ka nemi mai gari-gari, wanda zai tsaya a madadin nau'in Maris Piper na Ingila, a jikin buhunsa an rubuta mehligkochend. Ka yanka shi da kauri kamar yatsa, ka tafasa minti 5, ka tsane ya bushe sarai, ka soya a mai mai zafin digiri 140 har ya yi laushi bai yi ja ba, ka kwashe ya huce. Ƙullun kifi kuwa fulawa giram 200, ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda, gishiri, da ruwan kwalba mai gas mai sanyi ƙarara kimanin mililita 280. Wasu da giya suke kwaɓawa, ruwa mai gas yana yin aikin daidai. Kada ka buga ƙullun da yawa, gudaji kaɗan ba laifi. Ka goge kifin ya bushe, ka barbaɗe shi da fulawa, ka tsoma, ka saki a mai mai digiri 180, minti 6 zuwa 8. Bayan ka kwashe kifin ka mai da dankalin cikin wannan zafin minti uku. Koren waken ka jiƙa shi tun daren Alhamis da ɗan bekin soda. Kuma ka naɗe abincin a takarda ka bar shi minti biyu kafin a ci. Tururin nan da ke sa dankalin ya ɗan saki jiki da khal, shi ne ɗanɗanon da yara ke nema, ranar da na zuba a faranti kai tsaye sun ce bai yi ba.

Gashin Lahadi ya fi sauƙi, domin kaza ko cinyar rago da dankali da karas ana samunsu ko'ina. Abin da ke ba mutane wuya shi ne Yorkshire pudding, alhali awonsa a kofi ɗaya yake. Ka fasa ƙwai uku a kofi ka lura da inda suka tsaya, ka auna madara daidai nan, fulawa ma daidai nan, ɗan gishiri, ka kaɗa ka ajiye aƙalla rabin awa. Fulawar da ake kira Type 405 a Jamus ita ce daidai. Ka zuba ɗan mai a kowane gurbi na farantin gashi, ka sa a oben mai digiri 220 har man ya fara hayaƙi, ka zuba ƙullun da sauri, ka rufe. Minti 20 zuwa 25, kuma ko me ya faru kada ka buɗe oben ɗin, yana shan iska zai kwanta. Fulawa mai tashi da kanta da ake yin sikon, ɗan burodin shan shayi, da ita ba ta cika samuwa a nan ba, amma ƙaramin cokali biyu na bekin foda a giram 150 na fulawa ya maye gurbinta.

Kori fa, miyar yaji irin ta Indiya, wanda sakataren harkokin wajen Birtaniya Robin Cook ya kira nau'insa na chicken tikka masala abincin ƙasa a jawabinsa na 2001, shi kam na haƙura. Wanda ya ci na Bradford ya san abin da nake nufi. Ina barinsa sai na je.

Tudu

Ruwan sama bai shiga littafinmu ba, domin Hamburg da Sheffield kusan a layi ɗaya suke a taswirar duniya, yayyafi da lumshi da dogon yinin bazara duk mun tarar da su suna jiranmu, har tsawon azumi bai canza ba. Abin da na rasa shi ne tudu. Sheffield a kan tuddai take, kuma minti 20 a mota ya fitar da kai zuwa Stanage Edge. Ranar Asabar nakan hau jirgin ƙasa zuwa Edale, inda hanyar Pennine Way mai mil 268 ta faro, in hau Kinder Scout mai tsayin mita 636. Wuri mafi tsayi a duk Hamburg mita 116 ne.

Wanda bai zauna can ba ba zai gane daɗin hanyoyin ƙafa na Ingila ba: ka ga ƙaramin allo a bakin gonar mutum, ka taka matakalar katako ka tsallake shinge, ka ratsa tsakiyar tumakinsa, kuma doka na bayanka. Ba a banza aka samu wannan ba. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka haura Kinder Scout da gangan alhali masu filin sun hana, aka ɗaure wasunsu. A 1951 Peak District ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da dazuzzukan ciyawa ga mai tafiya.

Shawarata, kada ka zauna kana kwatance. Ka sayi taswirar yankinka ta masu tafiyar ƙafa a makon farko, ka ware Asabar ɗaya a wata. Jamus ma ta ba mutane izinin shiga daji da ƙafa, kuma tsaunukan Harz, inda Brocken ya kai mita 1,141, tafiyar 'yan awanni ce a jirgin ƙasa. Tsohuwar taswirata ta Ordnance Survey mai bangon ruwan lemo, wadda ruwa ya jiƙa har ta yage a lanƙwasa, na sa mata firam na rataye a zaure. Idan kuma kana cikin masu gudun parkrun, gudun jama'a na mako-mako wanda aka fara a Bushy Park na Landan a 2004, lambarka tana aiki a duk ƙasar da ake yi. Kilomita 5, ƙarfe 9 na safiyar Asabar, kyauta, kuma a bakin tafkin Alster na haɗu da yawancin mutanen Birtaniya da na sani a garin nan.

Mutane

Mafi tsawon shafi a littafinmu ƙananan ɗabi'u ne. Mutum ya taka ka, kai da shi ku ba juna haƙuri a tare. Kowa ya gode wa direban bas yayin sauka. Mai kanti ta kira ka "love" ko da gemunka ya yi fari. Baƙo a tashar bas ya buɗe hira da maganar ruwan sama. Layi kuma kamar ibada: ko mutum biyu ne, an san na gaba. Mutanen Hamburg ba su da wannan hirar, amma suna da "Moin" ɗinsu, gaisuwa ɗaya safe da dare, kuma idan sun ce za su zo ƙarfe uku, uku ɗin ce. Ka koyi tasu, ka riƙe taka. Har yau ina gode wa direba, wasu su ɗaga mini hannu.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Sheffield, bazawara, wadda ta yi shekara 11 tana karɓar mana saƙon gidan waya, tana shigar mana da kwandon shara idan mun yi tafiya. Kowace Kirsimeti katinta ne ke fara shigowa ta ramin ƙofa, kowace Sallah mu aika yara da kwano. Ranar da za mu taso ta fito da silifas ɗinta na cikin gida ta tsaya a bakin shinge, ta ba kowane yaro ambulan da Fam 5 a ciki. Irin wannan mutum ba ta WhatsApp ake riƙe shi ba. Ka sa masa rana da lokaci. Mu Lahadin farko ta kowane wata, ƙarfe biyar namu, huɗu nata, muke kiran wayar gidanta, yara su karɓa ɗaya bayan ɗaya. Kati kuma na takarda, a aika tun farkon Disamba. An ce zumunci a ƙafa yake, don haka duk ziyara gidanta ne zangon farko.

Daren 5 ga Nuwamba, da ake tunawa da yunƙurin Guy Fawkes na tarwatsa majalisar dokoki a 1605, yara za su tambaye ka wasan wuta. A Jamus ba a yarda mutum ya harba ba sai a jajibirin sabuwar shekara da ranarta, don haka mukan gasa dankali, mu kunna 'yan tartsatsin hannu a baranda. Ƙwallo kuwa a nan ka ci riba: wasannin ƙarfe 3 na Asabar da aka hana nunawa kai tsaye a talabijin a Ingila, a waje ana iya samunsu.

Takardun da ke riƙe maka ƙofa

Wannan ba ya cikin kewa, amma sakaci da shi na iya rufe maka hanyar komawa. Idan izinin zama na dindindin gare ka ba fasfo ba, yana faɗuwa idan ka yi shekara 2 a jere a waje, shekara 5 ga yawancin masu izinin tsarin 'yan Tarayyar Turai. Hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa ranar 5 ga Yulin 1948, da zama a ƙasa take aiki ba da fasfo ba, don haka da ka tare a waje kada ka ɗauka komai kyauta ne idan ka je ziyara. Ka karɓi kwafin bayanan lafiyarku da katin rigakafin yara daga likitan unguwa kafin ka tashi. Ka sanar da hukumar haraji da fom ɗin P85. Ka duba shekarun da ka tara na inshorar ƙasa, domin cikakken fansho na gwamnati yana bukatar 35, mafi ƙaranci 10. Ɗan ƙasa kuma, tun Janairun 2024, yana da damar zaɓen 'yan majalisa komai daɗewarsa a waje, in dai ya yi rajista. Layin wayarka na can ka bar shi da rai, ka aika saƙo da shi duk bayan wata biyu, saboda banki ta nan zai turo maka lambar sirri.

Rediyo

Manhajar kallo ta BBC iPlayer ta mazauna Birtaniya ce masu lasisin talabijin, kuma tun Yulin 2025 manhajar BBC Sounds ta daina aiki a waje. Amma Radio 4 da sashen duniya suna nan a shafin BBC na intanet. Ka sa tsohuwar waya a kicin ka jona ta da ƙaramar sifika, ka bar ta domin wannan kaɗai, yadda da ka shigo za ka danna kawai.

Ni abin da nake jira shi ne hasashen yanayin teku na masu jiragen ruwa, wanda ake karantawa ƙarfe 12:48 na dare agogon Ingila. Yankuna 31 ne, ana bin su a jere, da murya ɗaya mai natsuwa, ana faɗin iska da ruwa da nisan gani. Shekarun da nake aikin dare a Sheffield a mota nake jinsa, ban taɓa shiga jirgin kamun kifi ba, amma na haddace jerin. A nan yana kamawa 1:48, don haka sai daren Juma'a nake tsayawa, bayan an wanke kaskon kifi yara sun kwanta. In rage murya, in haɗa kofi ɗaya. Viking, North Utsire, South Utsire, Forties, Cromarty, Forth, Tyne, Dogger, Fisher. Daga nan sai German Bight, ruwan da kogin Elbe na garin nan yake zuba a cikinsa. Mai bi masa kuma Humber ne, inda ruwan kogin Don na Sheffield yake fita teku.